Matsayin Umartau a Manhajar Hausa: Sharhi Daga Azuzuwan Kafanchan, Tare da Kwatance da Sifaniyanci

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa koyar da nahawun Hausa a makarantar sakandare ya san jerin lokutan nan guda takwas da ake bai wa ɗalibai su haddace: shuɗaɗɗe na ɗaya da na biyu, lokaci mai ci na ɗaya da na biyu, mai zuwa na ɗaya da na biyu, sabau, sannan umartau. Na ƙarshen nan shi ne aka fi wucewa da sauri. Akan ce shi ne lokacin da ake ba da umarni da shi, a kawo misali biyu ko uku kamar "ka zo", "ku tashi" da "mu tafi", daga nan sai a rufe babi a shiga wani.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wannan bayani ya gaza ta fuska uku. Da farko, umarni ɗan ƙaramin yanki ne na aikin da umartau yake yi a Hausa. Na biyu, umartau ba ya nuna lokaci ko kaɗan, don haka jera shi cikin lokuta yana rikitar da ɗalibi. Na uku, darasin yana kau da kai daga matsalar da ta fi damun mai karatu, wato yadda umartau yake sajewa da wasu lokuta uku a rubutu. An gina sharhin a kan yanayin azuzuwan Kafanchan da kewayenta, domin a nan ne gurguntar darasin ta fi fitowa fili. An kuma kwatanta Hausa da Sifaniyanci, saboda harshe ne mai irin wannan siga, wanda masu tsara manhajarsa suka daɗe suna fama da yadda za a koyar da ita ga baƙin harshe.

2.0 Yanayin Harshe a Kafanchan da Kudancin Kaduna

Kafanchan, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jama'a, ta bunƙasa ne tun shekarun 1920 lokacin da ta zama mahaɗar layukan dogo da suka fito daga Fatakwal da Kaduna da Jos. Aikin jirgin ƙasa da kasuwanci sun tara mata mutane daga sassa daban-daban na Nijeriya, suka zauna tare da Fantswam da Nikyob da Hausawa da Fulanin masarautar Jama'a. A garuruwan da ke kewaye da ita ana magana da harsuna da dama: Gworok a Kagoro, Jju a Zonkwa, Tyap a ƙasar Zangon Kataf, Hyam a Kwoi, Gwong a Kagoma, da sauransu. Hausa ita ce take haɗa waɗannan al'ummomi a kasuwa da tasha da asibiti. Haka kuma ita ce harshen wa'azi da waƙa a majami'u masu yawa, kuma tun 1932 aka sami cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausar boko. Saboda haka mutanen yankin, Musulmi da Kirista, sun daɗe suna karanta Hausa a bainar jama'a.

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, da gyaran da aka yi mata a 1981, ta nemi kowane yaro ya koyi ɗaya daga cikin manyan harsunan ƙasa uku baya ga harshensa na uwa. A kan haka aka tsara manhajar Hausa gida biyu, ɗaya ga mai Hausa a matsayin harshen farko, ɗaya ga mai koyonta a matsayin harshe na biyu. Wannan rabo yana da ma'ana a Kano da kuma a Inugu. A Kafanchan kuwa aji guda yakan ƙunshi yaron da Hausa ce harshen gidansu, da wanda iyayensa Bajju ne amma da Hausa ya fara magana, da wanda yake jin ta a kasuwa kawai, da kuma ɗan ma'aikaci da aka yi wa canjin wurin aiki daga Kudu. Yawancinsu ba baƙin Hausa ba ne, suna amfani da umartau a bakinsu kullum ba tare da kuskure ba. Abin da suke nema a wurin makaranta shi ne ta nuna musu tsarin abin da suke faɗa, ta kuma koya musu gane shi a kan takarda. Manhajar harshen farko tana ɗaukar cewa kunne zai cike giɓin, ta harshe na biyu kuma tana ɗaukar cewa ɗalibin bai kai nan ba tukuna. Tsakanin biyun sai yaron Kafanchan ya tashi a tutar babu.

3.0 Ainihin Aikin Umartau

3.1 Siga

Umartau ba shi da manunin lokaci irin "za" ko "kan" ko "na". Lamirin suna ne kawai mai gajeren wasali da karin ƙasa: ìn, kà, kì, yà, tà, mù, kù, sù, à. Korewarsa kuma da "kada" ko "kar" ake yi, saɓanin sauran lokuta da suke amfani da "ba".

Abin lura a nan shi ne, Hausa tana da wata siga ta daban wadda ita ce ta umarni tsantsa. Wannan siga ba ta ɗaukar lamirin suna, mutum ɗaya ake fuskanta da ita, kuma takan juya karin aikatau ya koma ƙasa-sama. Aikatau "tashi" a "ya tashi" yana da karin sama-ƙasa, amma idan aka ce wa yaro "Tashi!" sai karin ya juye. A "ka tashi" kuwa aikatau yana nan da karinsa na asali. Wato sigar da ta fi cancantar a kira ta da sunan umarni ita ce ba a cika ware mata wuri a darasi ba, wadda kuma aka laƙaba wa sunan tana da wasu ayyukan masu yawa.

3.2 Ayyuka

Dubi waɗannan jimloli, waɗanda duk mai zama a Kafanchan yana jin irinsu kowace rana:

(1) Allah ya kiyaye hanya.
(2) Ranka ya daɗe.
(3) Baba, in shigo?
(4) Mama tana so mu dawo da wuri.
(5) Dole manoma su tone citta kafin ƙasa ta bushe.
(6) An gyara gadar domin motoci su riƙa wucewa.
(7) Mai yiwuwa ne su iso gobe.
(8) Saura kaɗan yaran su faɗa rafi.
(9) Kafin su iso tasha, mota ta tashi.

Duk waɗannan jimloli suna ɗauke da umartau, amma babu umarni a ko ɗaya daga cikinsu. Jimla ta (1) addu'a ce, kuma babu mai imani da zai yarda cewa yana umartar Ubangiji. Ta (2) fata ce da ƙarami yake yi wa babba. A ta (3) mai magana izini yake nema, wato shi ne ma yake jiran a ba shi umarni. Ta (4) buƙata ce, ta (5) larura, ta (6) manufa, ta (7) yiwuwa. A ta (8) ana maganar abin da bai faru ba kuma ba a so ya faru. A ta (9) ana ba da labarin abin da ya riga ya wuce.

Idan aka lura, abin da ya haɗa su shi ne, aikin da umartau yake ɗauke da shi ba a gabatar da shi a matsayin labarin abin da ya tabbata ba. Ana so ne, ko ana fata, ko ana tsoro, ko ana jira, ko kuma aikin bai riga ya faru ba a daidai lokacin da ake magana a kai. Har ila yau, a yawancinsu umartau yana zaune ne a ganga dogarau, a bayan wata kalma da take janyo shi: so, dole, tilas, ya kamata, gara, bari, domin, kafin, saura kaɗan, da makamantansu. Waɗannan kalmomi su ne mabuɗin darasin, amma da wuya a ga an jera su a littafin ɗalibi.

Dangane da batun lokaci, a gwada waɗannan:

(10) Jiya na so su zo.
(11) Yanzu ina so su zo.
(12) Gobe zan so su zo.

Lokaci ya canja sau uku, "su zo" bai motsa ba. Daga babbar ganga yake aro lokacinsa. Ɗalibin da aka ce masa umartau lokaci ne, idan ya tambayi malami wane lokaci ne, jiya ko yau ko gobe, malamin ba shi da amsa, kuma laifin ba nasa ba ne.

3.3 Jeranta ayyuka

Akwai wani amfani kuma da ya fi duk waɗannan yawa a zube:

(13) Za su je kasuwar Kwoi su sayi citta su dawo.
(14) Yakan tashi da asuba ya share shago ya jera kaya.

A nan lamiran "su" da "ya" na biyu da na uku suna ci gaba ne da lokacin da aka fara da shi, don kada a yi ta maimaita "za" ko "kan". Shaidar cewa wannan ya bambanta da na baya ita ce korewa. Ba a kore jimla ta (13) da "kada", sai dai a ce "Ba za su je kasuwar Kwoi su sayi citta su dawo ba." Paul Newman a babban littafinsa na nahawun Hausa na shekarar 2000, da Philip Jaggar a nasa na 2001, sun ware wannan amfani da suna na dabam duk da kamar da yake yi da umartau. Ba lallai ne a kai ɗalibin sakandare cikin wannan muhawara ba. Amma wajibi ne malaminsa ya san da ita, domin duk wani insha'i na bayanin yadda ake yin abu a kan wannan tsari yake tafiya: a tono citta, a wanke, a tsaga, a shanya, a zuba a buhu.

4.0 Matsalar Rubutu

Daidaitacciyar ƙa'idar rubutun Hausa, wadda aka tattauna a tarurruka irin na Bamako a 1966 da na Yamai a 1980, ba ta nuna karin sauti da tsawon wasali a rubutun yau da kullum. Wannan ya sauƙaƙa rubutu da ɗab'i, amma ya bar wa mai karatu aiki. Kalmomin "ya zo" a kan takarda suna iya zama ɗaya daga cikin abubuwa huɗu:

(15) yaa zo: shuɗaɗɗe na ɗaya, dogon wasali, karin sama
(16) ya zo: shuɗaɗɗe na biyu, gajeren wasali, karin sama
(17) yâa zo: mai zuwa na biyu, dogon wasali, karin faɗau
(18) yà zo: umartau, gajeren wasali, karin ƙasa

Haka abin yake ga "ka" da "ta". Bakanen da ya tashi cikin Hausa yakan zaɓi wanda ya dace ba tare da ya san ya yi zaɓi ba. Ɗalibin da bai kai shi sabo ba yakan karanta duka da murya ɗaya, ma'ana kuma ta tafi.

Na taɓa zama a bayan wani aji a yankin lokacin duba ɗalibai masu gwajin koyarwa. An ba wata yarinya sanarwar rasuwa ta karanta. Jimlar farko tana cewa Allah ya yi wa wani dattijo rasuwa, ta ƙarshe kuma tana cewa Allah ya yi masa rahama. Yarinyar ta karanta "ya" na farko da karin ƙasa kamar na ƙarshe. Wasu 'yan ajin suka fashe da dariya, domin a kunnensu ta roƙa wa dattijon mutuwa ne. Malamar ta ce ta sake karantawa da kyau, amma ba ta iya gaya mata abin da ya ɓaci ba, saboda a kan allo jimlolin biyu iri ɗaya suke. Malamar ta ji kuskuren sarai. Abin da ta rasa shi ne hanyar bayyana shi, kuma horon da ta samu bai ba ta wannan ba. A yankin da ake kiran ɗan makaranta ya karanta wa jama'a sanarwa a majami'a ko wasiƙa a gida, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

Alhali kuwa akwai gwaje-gwaje masu sauƙi da ba sa bukatar ko alamar kari ɗaya. Na farko shi ne gwajin jam'i: a mayar da "ya" zuwa jam'i, nan take sigogin huɗu su rabu, a sami "sun zo", "suka zo", "sa zo" da "su zo". Na biyu shi ne gwajin korewa: idan jimla ta karɓi "kada", umartau ce, idan ta karɓi "bai ... ba", shuɗaɗɗe ce. Na uku ya shafi jimlolin da suka fara da sunan Allah, inda jam'i ba ya yiwuwa: idan za a iya amsawa da "amin", umartau ce. Wanda ya tsira daga haɗarin mota ya ce "Allah ya kiyaye" labari ya bayar, sai a ce masa barka. Wanda ya faɗa wa matafiyi haka addu'a ya yi, sai a ce amin. Kowane yaro a Kafanchan ya san wannan bambanci a aikace.

5.0 Abin Koyi Daga Sifaniyanci

5.1 Dalilin kwatancen

Ba a koyar da Sifaniyanci a yawancin makarantunmu, ko da yake harshen hukuma ne a Ikwatoriyal Gini da ke kusa da gaɓar tekun Nijeriya. An zaɓe shi ne saboda yana da siga mai suna subjuntivo wadda take raye a bakin kowa, yaro da babba, kamar umartau a Hausa. Sunan ya samo asali daga Latin, ma'anarsa kuwa abin da aka ɗaura a ƙarƙashin wani. Wato masu nahawun can sun dubi mazaunin sigar a cikin jimla ne suka raɗa mata suna, mu kuma muka dubi ɗaya daga cikin ma'anoninta. Tun a nahawun Antonio de Nebrija na 1492 aka raba batun lokaci da batun halin da mai magana yake gabatar da aiki a cikinsa, aka kuma ware sigar umarni daban.

5.2 Inda suka yi kama

A Sifaniyanci "kana zuwa" shi ne vienes, amma idan aka sa shi a bayan "ina so" sai aikatau ya canja:

(19) Quiero que vengas. Ina so ka zo.
(20) Es necesario que vengan. Dole su zo.
(21) Es posible que vengan. Mai yiwuwa ne su zo.
(22) para que aprendan: domin su koya
(23) antes de que lleguen: kafin su iso
(24) Que Dios te bendiga. Allah ya yi maka albarka.
(25) Ven. Zo. No vengas. Kada ka zo.

Buƙata da larura da yiwuwa da manufa da "kafin" da addu'a, duk wuraren da muka gani a sashe na 3.2 ne. Misali na (25) ya fi ban sha'awa: harsunan biyu suna da gajeriyar siga ta umartar mutum ɗaya, kuma dukansu suna barin ta su koma ɗaya sigar idan za su yi hani. Akwai ma kalmar fata ojalá, wadda kullum subjuntivo take janyowa. Asalinta daga Larabcin Andalus ne, inda Musulmi suka yi mulki tsakanin 711 da 1492, kuma sunan Allah ne a ƙarshenta. Aikinta ya yi daidai da "Allah ya sa" a Hausa.

5.3 Inda suka bambanta

Bai kamata a ɗauka cewa sigogin biyu abu ɗaya ne ba. Idan mai so shi ne mai aikatawa, Sifaniyanci ba ya amfani da subjuntivo: quiero ir. Hausa kuwa tana cewa "ina so in tafi". Idan ana maganar lokacin da bai zo ba, Sifaniyanci yana cewa cuando lleguen da subjuntivo, Hausa kuma tana cewa "idan sun iso" da shuɗaɗɗe na ɗaya. Sannan subjuntivo yana da sigar da ta shuɗe, shi ya sa "na so su zo" yake zama quería que vinieran, alhali a Hausa "su zo" ba ya canjawa. Bambanci mafi muhimmanci ga malami shi ne, a Sifaniyanci canjin yana bayyana a haruffa, ɗalibi yana ganin vienes da vengas da idonsa. A Hausa canjin yakan ɓuya a cikin kari. Saboda haka bukatarmu ta koyar da kalmomin da suke janyo umartau ta fi tasu ƙarfi, domin su ne kaɗai alamar da mai karatu yake gani.

5.4 Tsarin koyarwa

Cibiyar Cervantes, wadda gwamnatin Sifaniya ta kafa a 1991 don yaɗa harshen, ta fitar da manhajarta ta matakai a 2006. A cikinta ba a tara subjuntivo a darasi ɗaya ba. An rarraba shi ne bisa abin da mai koyo yake son yi da harshe: ya yi hani, ya yi fata, ya nuna shakka, ya faɗi manufa, sannan a matakin gaba ya yi maganar abin da da zai faru amma bai faru ba. Sigar takan dawo a kowane mataki da sabon aiki. Wannan shi ne abin da ya kamata mu ara, ba ƙa'idojin harshen ba.

Malamanmu ma suna da abin kwatance a kusa. Bugun 2004 na Manufar Ilimi ya sanya Faransanci cikin darussan dole a firamare da ƙaramar sakandare, kuma Faransanci yana da wannan siga, kamar a il faut que tu viennes, wato dole ka zo. Wanda ya karanta Ajurumiyya a zaure ya san yadda an da kay suke yi wa fi'ili mulari'i nasabi, a wuraren da Hausa take cewa "ina so ka tafi" da "domin ka tafi". Ɗalibin da ya fahimci umartau a Hausa ya riga ya sami tsani zuwa waɗannan darussa.

6.0 Uzurin Manhaja

Adalci ne a faɗi abin da za a iya kare manhajar da shi. Waɗanda suka fara mayar da nazarin nahawun Hausa cikin Hausa sun yi gagarumin aiki. Littafin M.K.M. Galadanci na 1976 da Ingilishi aka rubuta shi. Ayyuka irin su Bayanin Hausa na Dauda Bagari na 1986, da ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Dalhatu Muhammad ya tace a 1990, suna cikin waɗanda suka ba malami damar koyar da nahawu ba tare da ya tsallaka wani harshe ba. Suna irin "umartau" gajere ne, yana da sauƙin riƙewa, ya kuma bi tsarin ginin kalmar Hausa. Ya zauna a bakin malamai da littattafai da takardun jarrabawa, kuma sauya shi zai jawo ruɗani na shekaru. Bugu da ƙari, babu sunan da zai rungumi dukkan ayyukan sigar. Na Sifaniyanci ma bai cika ba, tunda ana samun sigar a jimlar da ba ta dogara da kowa ba.

Saboda haka wannan maƙala ba ta neman a soke sunan. Kuskuren yana wajen mayar da suna ya zama ma'ana, har ya kasance abin da ɗalibi ya sani game da umartau bai wuce abin da sunan ya gaya masa ba. Irin tambayar da take neman ɗalibi ya kawo jimloli biyar a lokaci umartau tana ƙarfafa wannan, domin da "ka zo, ki zo, ku zo, mu zo, su zo" ya cinye maki duka ba tare da ya fahimci komai ba.

7.0 Shawarwari

(a) A bar sunan umartau, amma a gyara ma'anarsa a manhaja da jagoran malami, a bayyana cewa siga ce ta aikin da ake so ko fata ko jira, kuma umarni ɗaya ne daga cikin ayyukanta.

(b) A fitar da shi daga jerin lokuta a ba shi kansa, a kuma ware sigar umarni marar lamiri a koyar da ita a gefensa.

(c) A rarraba shi a kan shekarun ƙaramar sakandare: gaisuwa da addu'a da neman izini da hani a aji ɗaya, buƙata da larura da shawara a aji biyu, manufa da "kafin" da jeranta ayyuka a aji uku. A babbar sakandare sai a haɗa su a yi nazarin ganga dogarau.

(d) A sanya gwajin jam'i da na korewa da na "amin" a littafin ɗalibi, tare da darasin karatu a bayyane da aka gina a kan sanarwa da wasiƙa da katin gayyata.

(e) A nuna kari da tsawon wasali a kan lamiran suna a darasin nahawu kawai, ba tare da an taɓa ƙa'idar rubutun yau da kullum ba. Harsunan yankin irin su Tyap da Jju masu kari ne, don haka kunnen ɗalibai a shirye yake. Yana da kyau malami ya nemi su faɗi yadda ake addu'a ko hani a harshen gidansu, a kwatanta da Hausa.

(f) Kwalejojin horar da malamai, musamman Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da take kusa da waɗannan makarantu, su ba da ƙarfi ga koyar da Hausa a aji mai gauraye, hukumar NERDC kuma ta yi la'akari da irin wannan aji idan za ta sake duba manhaja.

(g) Masu shirya jarrabawa su riƙa ba da ɗan gajeren nassi, su nemi ɗalibi ya tsamo umartau, ya faɗi aikinsa da kalmar da ta janyo shi.

8.0 Kammalawa

An nuna cewa umartau ya fi ƙarfin ma'anar da ake ba shi a aji, ba ya nuna lokaci, kuma a rubuce yana sajewa da wasu sigogi uku. An kuma ga cewa Sifaniyanci yana amfani da makamanciyar siga a kusan wurare iri ɗaya, kuma masu manhajarsa sun rarraba koyar da ita bisa aikinta. Gyaran da ake nema bai ƙunshi sabon littafi ko ƙarin sa'o'i ba. Shafi biyu ko uku ne a jagoran malami da sauyin salon tambaya. Amfaninsa kuwa zai wuce Kafanchan, domin irin wannan aji mai gauraye shi ne ake samu a Jos da Lafiya da Minna da unguwannin Abuja, kuma a can ne masu magana da Hausa suke ƙaruwa. Ya rage ga masu tsara manhaja su dubi lamarin kafin a sake buga littattafan da ake amfani da su.